Ribaɗi a Kan Ruwa: Jirgin Sintiri da Mutanen Zangon Ankara

Duk wanda ya tashi a Kotobabi, ko Nima, ko Mamobi, ya san tsakanin ƙofar gidansu da bakin teku bai fi mil biyar ba, har ma ruwan da ya sauka bisa kwanon ɗakinmu da damina, in ya bi babbar kwata ya faɗa rafin Odo, ya ratsa tafkin Korle, ba ya kwana sai cikin teku; amma duk da wannan maƙwabtaka, in ka zauna da dattijon zango za ka tarar ya fi sanin labarin Kano da Sakkwato, waɗanda ƙila bai taɓa sa ƙafa cikinsu ba, bisa ga labarin ruwan da yake jin iskarsa kowane maraice. Abin gado ne. Kakanninmu fataken Gwanja ne, mutanen jaki da takarkari, sunan unguwannin namu ma, watau zango, sunan masaukin ayari ne. Kuma in mun tsaya salla a Ankara muka fuskanci alƙibla, teku tana can bayan kafaɗarmu ta dama, sau biyar a yini muna ba ta baya.

Saboda haka ban yi mamaki ba da aka ba da labari, cikin watan Disamba na 2024, cewa an ƙaddamar da wani jirgin sojan ruwa a Sekondi mai suna Achimota, wanda aka sayo daga Japan, tsawonsa mita 65, ya fi duk jiragen rundunar girma, sai samarin da ke shan ataya a bakin layinmu suka ce ina ruwan biri da gada. Ni kuwa ina ganin da ruwansa, domin tun shekara ɗari biyu da suka wuce irin wannan jirgi yake sa hannu cikin ƙaddarar Bahaushen gaɓa, wani zubin ya cece shi, wani zubin ya ɗauke shi aiki, yanzu kuma abin ya kai ga tukunyar miyarsa.

Sai dai kafin a yi nisa ya kamata a rarrabe tsakanin abu biyu da jama'a kan haɗa. Akwai manuwa, babban jirgin yaƙi wanda aka ƙera domin ya kara da ɗan'uwansa, mai manyan igwa da makamai masu linzami da ɗaruruwan ma'aikata. Akwai kuma jirgin sintiri, wanda bilhasali ɗan doka ne a kan ruwa. Kalmomin nan biyu, manuwa da sintiri, duk daga bakin Ingilishi suka shigo mana ta ƙofar bariki. Shi jirgin sintiri ba a nufinsa da gaba da gaba: bindigarsa matsakaiciya ce, ma'aikatansa kaɗan, abin da ake bukata gare shi juriya, watau ya iya yin kwanaki a tsakiyar ruwa bai koma shan mai ba, ya kasance da na'urar hangen nesa wadda ke nuna masa kowane jirgi cikin duhu ko hazo, kāna ya goyo ƙananan kwalekwale na roba masu gudun tsiya, waɗanda ake saukarwa da 'yan mazaje su je su hau jirgin da ake tuhuma. Galibin ranakunsa ba ya harba ko harsashi ɗaya. Amfaninsa a gan shi, a san yana nan.

Malamanmu suna da suna ga irin wannan aiki tun kafin Nasara ya zo da nasa, shi ne ribaɗi, ma'ana zaman dako a bakin iyaka domin tsaron waɗanda ke barci a baya. Mu mun fi saninsa ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya bar daɗin Sakkwato ya tare a Wurno yana murabaɗa har Allah ya karɓi ransa a can cikin 1837. Amma wanda ya bi asalin al'amarin zai ga ribaɗoɗin da suka fi shahara a Magriba a bakin ruwa aka gina su, kamar na Munastir da na Susa a ƙasar Tunis, inda masu ibada suke kwana bisa hasumiya suna duban bahar kada jiragen Rumawa su yi wa Musulmi shigar sauri. Ashe ke nan tsaron gaɓa ba baƙon abu ba ne cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Mu ne dai muka karanta babin muka ɗauka hukuncinsa ya tsaya a tudu.

Cikin jiragen sintirin da suka zauna dindindin a wannan gaɓa akwai na Ingilishi. Bayan majalisarsu ta haramta cinikin bayi cikin 1807, sai a shekarar da ta biyo suka aiko da jirage biyu rak su tsare bakin ruwan da ya miƙa dubban mil, kāna a hankali aka yi ta ƙara su, har ya zama cikin shekara hamsin da 'yan kai sun kama jiragen bayi wajen 1,600, sun 'yanta mutum wajen 150,000. Zamanin nan kuwa ya yi daidai da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804 da rushewar daular Oyo, lokacin da Hausawa da Nufawa da Barebari masu yawa suka faɗa hannun masu kame, aka gangaro da su Ikko da Badagiri da Wida. Wanda jirgin sintiri ya riski jirginsa, sai a sauke shi a Saliyo, ya zama ɗa; daga bakin irin waɗannan ne wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Schön ya tsinci Hausa, har ya buga littafin kalmominta cikin 1843. Wanda kuwa jirginsa ya sulale cikin dare, sai Bahiya ta ƙasar Barazil, inda Hausawa suka yi ta tayar wa iyayengijinsu da hankali tun daga 1807, har zuwa babban boren Musulmi na watan azumin 1835. Cikin waɗanda suka komo daga can akwai jama'ar da mutanen Ga suke kira Tabon, waɗanda suka sauka Ankara aka ba su masauki, gidansu na nan tsaye har yau a tsohon gari kusa da bakin ruwa. Dubi ikon Allah: mutum biyu 'yan gari ɗaya, an kama su rana ɗaya, abin da ya raba makomar zuriyarsu har abada bai wuce ko mai tsaron bisa itacen jirgi ya hangi filafilai da asuba ko bai hanga ba.

Kada mai karatu ya zaci ina wanke Ingilishi ne da sabulu. Hannun da ya kwance mari shi ne ya harba igwa. Cikin 1854, da mutanen Osu da La da Teshi suka ƙi biyan kuɗin kai da aka aza musu, jirgin da ake kira Scourge ya tsaya daga cikin ruwa ya yi musu ruwan wuta har garuruwan suka zama kufai. Cikin Yuni na 1873 kuma aka yi wa tsohon garin Elmina haka nan. Jirgin sintiri ba shi da niyya tasa ta kansa, niyyar mai shi yake ɗauke da ita, kuma a wancan zamani mai shi yana Landan.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin wannan tarihi duka shi ne yadda aka yi sojan ƙasa na Hausawa ya fito daga hannun sojan ruwa. Wani laftanan na manuwa, John Glover, yana cikin jirgin Dayspring da ya hau Kwara tare da Dokta Baikie, jirgin ya daki dutse ya fashe kusa da Jaba cikin 1857. Wannan haɗari ya sa shi bin ƙasa tsakanin Kwara da Ikko, ya saba da Hausawa, galibinsu bayi masu neman hanyar tsira. Da ya sami riƙon Ikko cikin 1863 sai ya tara kaɗan daga cikinsu ya ba su bindiga, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Su ne aka ɗebo cikin jirgi aka kawo Gwalkwas, watau Gana ta yau, su ne ya bi da su ta wajen kogin Bolta cikin yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874, suka isa Kumashi bayan Janar Wolseley ya riga ya ƙone ta. Cikin 1879 aka kafa wa Gwalkwas rundunarta ta kanta bisa wannan harsashi, Hausa ta zama harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba, Bagurunshe ne ko Bamoshe ko Bazabarme, muddin ya sa kaki, Hausa ake ce masa. Da yawa cikin waɗanda suka gama aiki ba su koma arewa ba. Sun karɓi 'yan kuɗin sallamarsu, suka nemi fili kusa da malamai da mahauta da fatake, suka yi aure, aka haifi iyayen kakanninmu.

Fataken ma ba su daɗe ba suka bi sawu. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga cikin 1892, hanyar goro ta tudu, wadda ayari kan yi watanni a kanta kafin ya ga ganuwar Kano, ta fara mutuwa, sai goro ya juyo kudu, a naɗe shi cikin ganye a Ankara, a sa a jirgin tururi zuwa Ikko, daga baya da reluwe ta isa Kano sai a ɗora shi a jirgin ƙasa. Ankara kuwa ba ta da matsayar jirage a lokacin. Jirgi kan tsaya can nesa, sai a sa fasinja da huhun goronsa cikin kwalekwalen matuƙa su keta raƙuman ruwa da shi, yana salati yana riƙe da rawani. Sai 1928 aka buɗe tashar Takoradi, ta Tema kuwa sai 1962. Da ribar wannan ciniki na ruwa aka gina gidaje da masallatai masu yawa, tun daga Zangon Malam har Sabon Zangon Malam Baƙo, tun Nima tana makiyayar shanun Malam Amadu Futa.

Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, majalisa ta kafa rundunar sojan ruwa ta Gana cikin Yuli na 1959, aka fara da 'yan jirage biyu na share nakiya da Ingila ta bayar, Yogaga da Afadzato, ƙarƙashin hafsoshin Ingilishi, har 1961 da Nkrumah ya sallame su ya naɗa David Hansen shugaban rundunar. Aka sayo Kromantse da Keta, matsakaita, masu dacewa da gaɓarmu. Amma Nkrumah mutum ne mai dogon buri, wanda yake ganin Afirka duka a matsayin gida ɗaya mai bukatar babbar ƙofa, saboda haka ya sa kamfanin Yarrow na ƙasar Sikotlan ya ƙera masa manuwa sosai, wadda za a kira Black Star, ta zama uwar jiragen rundunar, ta zama kuma masaukin shugaban ƙasa in zai yi tafiya ta ruwa. Ana cikin ƙirarta aka yi juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, sababbin masu mulki suka ce ba su da kuɗinta, ba su kuma da bukatarta. Ta yi shekaru a ɗaure a ruwan Sikotlan ba mai ita, daga bisani sojan ruwan Ingila suka karɓe ta suka raɗa mata Mermaid, cikin 1977 kuma aka sayar wa Maleshiya, ta koma Hang Tuah, ta yi musu aiki shekaru masu yawa. An sha kawo wannan labari domin a yi wa Nkrumah dariya, ni kuwa ba na cikin masu dariyar, domin mutumin da ya san abin da igwar jirgi ta yi wa Osu yana da uzuri in ya so ƙasarsa ta mallaki tata. Kuskurensa, a ganina, na kintace ne: ya zaci abokin gaban da zai zo ta ruwa zai zo da tuta da ganga, alhali wanda ya zo daga baya da koma ya zo, da tiyo na zuƙar mai.

Shekarun da suka biyo na ƙunci ne, ba sai an tsawaita ba. An sayo jirage huɗu daga Jamus wajen 1980, cikinsu har da Achimota ta wancan zamani, wadda ta je Laberiya da rundunar ECOMOG cikin 1990, aka harbe ta daga gaɓar Manrobiya, aka yi hasarar rayuka. Cikin 2001 Amurka ta ba da tsofaffin jirage biyu, Anzone da Bonsu, waɗanda aka ƙera tun zamanin yaƙin Hitila. Da su aka yi ta lallaɓawa.

Abu biyu suka sauya lissafi. Na farko yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, wadda ta ba kowace ƙasa mai gaɓa haƙƙin kifi da ma'adinan da ke cikin mil 200 daga bakin ruwanta. Gana mai gaɓar kilomita wajen 550 ta wayi gari da wata gona ta ruwa wadda faɗinta ya kusa kai faɗin ƙasar kanta, ba shinge, ba mai gadi. Na biyu man fetur da aka gano cikin 2007 a rijiyar Jubilee, can yamma, wajen kilomita 60 daga tudu, aka fara haƙarsa a ƙarshen 2010, har ya jawo shari'ar iyaka da Kodebuwa wadda kotun teku ta Hambug ta yanke cikin Satumba 2017. Da dukiya ta bayyana sai aka tuna da mai gadi. Cikin 2012 aka ƙaddamar da jirage huɗu ƙirar Sin, Blika da Garinga da Chemle da Ehwor, da wasu biyu daga Jamus, ɗaya Yaa Asantewaa, ɗaya Naa Gbewaa, watau kakan sarakunan Mamprusi da Dagomba, wanda ya yi zamaninsa a Pusiga, ɗaruruwan mil daga gishirin teku. Na ji daɗin wannan suna ƙwarai, domin ya nuna wa ɗan arewa cewa shi ma yana da rabo cikin ruwan. Cikin 2022 aka ƙaro huɗu daga Singafo masu sunayen koguna, Volta da Densu da Pra da Ankobra.

Masu fashin teku, waɗanda fiƙihu yake sa su cikin babin hiraba tare da masu tare hanya, su ne suka fi cika jaridu. Cikin Janairu 2015 wasu suka kama jirgin dakon mai da ake kira Mariam a ruwan Nijeriya, suka zuƙe kayansa, suka gangaro da shi ruwan Gana. Mai jirgin yana bin sawunsa da na'ura, ya sanar, Blika ta fita daga Tema ta riske shi, sojoji suka hau suka kama mutum takwas da makamansu, ma'aikatan jirgin kuma suka tsira. Abin ya ci gaba da tsananta a mashigin Gini har 2020, shekarar da aka sace ma'aikatan jirage 135 a duniya duka, 130 daga cikinsu a wannan yanki. Daga nan ya yi sauƙi, bayan ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde ta 2013 sun fara musayar labari da gaske, Nijeriya kuma ta zuba jirage da dokoki.

Amma ɓarawon da ya shigo har cikin gidajenmu na Kotobabi ba ya ɗauke da bindiga. Kifi shi ne naman talakan Gana, ya fi rabin abin da jama'a ke samu na nama. Mu ma da muke alfahari da mahauta da tsire da kilishi, in aka bi gaskiya, ƙanzon kifin amane da ake daka shito da shi, da busasshen kifin da ke cikin miyar ayoyo ta tuwon zafi, da soyayyen da ake ɗorawa bisa wake da shinkafa, su suka raine mu. Tsohuwar dokar kamun kifi ta 2002 ta keɓe wa masu kwalekwale ruwan da ke kusa da gaɓa, mil shida ko zurfin mita 30, ta hana manyan jirage masu jan koma shiga. Amma sai ga wata sana'a da ake kira saiko ta bunƙasa, musamman a Elmina, inda manyan jiragen nan suka riƙa kwashe ƙananan kifayen da ba su da izinin kamawa, har da 'ya'yan da ba su isa haihuwa ba, su daskarar da su kamar allo, su sayar wa wasu kwalekwale a tsakiyar ruwa cikin dare. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation ta ƙiyasta abin da aka sauke ta wannan hanya cikin 2017 kaɗai ya kai tan 100,000, ta kuma nuna cewa galibin jiragen, ko da yake tutar Gana suke ɗauke da ita, masu su na haƙiƙa kamfanonin Sin ne. Tarayyar Turai ta yi wa Gana gargaɗi cikin 2013, ta janye, ta sake cikin 2021. Mai sayar da kifi a kasuwar Malata ba ta karanta ko ɗaya cikin waɗannan takardu ba, amma ta riga su sani, domin kwandon da take sarowa ya ƙanƙance, kuɗinsa ya haura, kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ya cika teburin da dā na masuntan Chorkor ne.

Ba na cewa jirgi shi kaɗai zai warkar da wannan. Jirgin da ba a ba shi mai ba gini ne a bakin tasha, wanda aka kama kuma in ya biya tara 'yar kaɗan ya koma ruwa washegari, an yi wahalar banza. Tsaron teku rabinsa a ofishin lasin yake da zauren alƙali. Masunta na Ga da Fante suna da tasu dokar tun kaka da kakanni, ba sa fita ran Talata, suna barin ruwa ya huta, kuma ba su taɓa bukatar soja ya tilasta musu ba. Gwamnati ta zo daga baya ta ƙara da rufe kamu na manyan jirage wata biyu, Yuli da Agusta, lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Baƙon da ya zo daga wata uwa duniya domin ya cika sito ya tafi, bai san Talata ba, kuma ba ya jin kunyar kowa cikin masuntan Jamestown.

Shi ya sa in an tambaye ni mene ne aikin Achimota da 'yan'uwanta, ba na fara kawo zancen igwa. Nakan ce a ɗauka dare ne, mil arba'in kudu da Sekondi, mai duban na'ura ya ga ɗigo biyu sun manne da juna inda bai kamata ba, ɗayansu kuma ya kashe alamar da ke sanar da sunansa. Sai a saukar da kwalekwalen roba, mutum shida ko takwas su shiga, ƙila cikinsu har da wani yaron Mamobi wanda sai a bariki ya koyi iyo. Su isa, su kama tsanin igiya mai santsi su hau. Babbansu ya nemi lasin da littafin kamu, ya sa a buɗe masa ɗakin sanyi ya duba irin kifin da ke ciki, sa'an nan ya sa a jawo komar a shimfiɗa bisa daɓen jirgi, ya durƙusa da fitila a hannu ɗaya, ya zura ma'auni cikin idon komar ya ga ko ɗan amane zai iya fita.